Tambayoyi da amsoshi kan ƙwayoyin gadon bugun zafi a jikin halittu masu son zafi

Wannan shafi ya tattaro tambayoyin da ɗalibai da masu sha'awar kimiyyar halittu suka fi yi game da wasu ƙwayoyin gado da suke farkawa idan zafi ya tsananta, da kuma yadda suka wanzu, ko suka ɓace, a jikin ƙananan halittun da ruwan zafi ne mazauninsu. Duk inda aka ambaci digiri, ana nufin ma'aunin Salshiyos.

Mene ne bugun zafi, kuma wa ya fara lura da shi?

Bugun zafi shi ne halin da ƙwayar halitta take shiga idan zafin da ke kewaye da ita ya haura abin da ta saba da shi cikin ɗan ƙanƙanen lokaci. Idan haka ta faru, sai ta rage yawancin ayyukanta na yau da kullum, ta karkata ga ƙera wasu nau'o'in furotin ƙalilan da yawan gaske. Masani ɗan Italiya, Ferruccio Ritossa, shi ne ya fara bayyana wannan a shekarar 1962, lokacin da yake nazarin ƙudan 'ya'yan itace. Wani abokin aikinsa ne ya ɗaga zafin akwatin da ake renon ƙudajen, sai Ritossa ya ga wasu wurare a zaren gadon da ke cikin gurbin yawunsu sun kumbura, alamar cewa ƙwayoyin gadon da ke wuraren sun fara aiki. Sai a shekarar 1974 Alfred Tissières da abokan aikinsa suka ware furotin ɗin da wannan kumburi yake haifarwa. Daga baya aka riƙa sa musu suna gwargwadon nauyinsu, shi ya sa ake jin Hsp60 da Hsp70 da Hsp90 da Hsp100, sannan akwai ƙanana waɗanda nauyinsu bai kai haka ba.

Me zafi yake yi wa furotin har ake buƙatar masu kare shi?

Kowane furotin doguwar sarƙa ce ta amino asid, kuma ba ya iya aiki sai ya naɗe kansa cikin wata siffa takamaimiya. Ɓangarorin sarƙar da ba sa jituwa da ruwa suna ɓuya a ciki, masu jituwa da ruwa suna fuskantar waje. Idan zafi ya yi yawa, naɗin yakan sassauta, abin da ke ciki ya fito fili, sai ya manne da irinsa na furotin maƙwabci, su dunƙule su zama curi marar amfani. Abin da ke faruwa da farin ƙwai ke nan idan aka dafa shi, kuma babu wanda ya taɓa mayar da dafaffen ƙwai ɗanye ta hanyar sanyaya shi.

Yawancin furotin ɗin bugun zafi masu rakiya ne. Ba su ne suke zaɓa wa furotin siffarsa ba, domin Christian Anfinsen, wanda ya sami kyautar Nobel a 1972, ya nuna cewa bayanin siffar yana cikin jerin amino asid ɗin kansa. Aikinsu shi ne su riƙe sarƙar da ta warware, su hana ta mannewa da wasu, su ba ta damar sake naɗewa, idan kuwa ta lalace ƙwarai su miƙa ta ga masu sassara ta.

Waɗanne halittu ne ake kira masu son zafi, kuma a ina suke zaune?

Ana kiran ƙaramar halitta mai son zafi idan ta fi bunƙasa a sama da digiri 45 ko 50, idan kuma ta fi bunƙasa a digiri 80 ko fiye, sai a kira ta mai son matsanancin zafi. Thomas Brock da ɗalibinsa Hudson Freeze sun bayyana bakteriyar Thermus aquaticus a 1969 daga maɓuɓɓugan ruwan zafi na gandun Yellowstone a Amurka, kuma tana bunƙasa a wajen digiri 70. Karl Stetter na jami'ar Regensburg a Jamus ya ci gaba da farautar waɗanda suka fi ta: Pyrococcus furiosus, wadda aka bayyana a 1986 daga gaɓar tsibirin Vulcano na Italiya, ta fi jin daɗi a digiri 100, sannan Pyrolobus fumarii, wadda aka bayyana a 1997, tana iya hayayyafa har digiri 113. A 2008 Ken Takai da abokan aikinsa a Japan suka nuna cewa wani nau'in Methanopyrus kandleri daga ƙarƙashin tekun Indiya yana hayayyafa a digiri 122 idan matsin ruwa ya yi yawa.

Wajibi ne a lura cewa waɗannan halittu ba dangi ɗaya ba ne. Thermus da Thermotoga da Aquifex bakteriya ne, alhali Pyrococcus da Pyrolobus da Sulfolobus da Methanopyrus arkiya ne, wato rukunin da Carl Woese da George Fox suka nuna a 1977 cewa reshe ne mai zaman kansa, duk da cewa a madubin ƙara girma suna kama da bakteriya. Wannan bambanci shi ne mabuɗin kusan duk amsoshin da ke tafe.

Halittar da ke zaune a tafasasshen ruwa, ita ma tana jin bugun zafi?

Tana ji. Kowace halitta tana da nata ma'aunin. Bakteriyar Escherichia coli da ke hanjin mutum tana bunƙasa a digiri 37, kuma digiri 42 ya isa ya tayar da ƙwayoyin gadonta na bugun zafi. Ga Pyrococcus furiosus kuwa, digiri 42 sanyi ne da ba ta iya motsi a cikinsa. Sai an ɗauke ta daga 90 zuwa 105 kafin a ga ta shiga halin da E. coli take shiga. Jonathan Trent ya nuna a farkon shekarun 1990 cewa idan aka ɗauki Sulfolobus da ke girma a wajen digiri 70 aka jefa ta kai tsaye cikin zafin da ya haura 90, mutuwa take yi, amma idan aka fara ajiye ta a digiri 88 na wani lokaci, sai ta jure zafin da a da yake kashe ta. Wannan juriya ta samu ne saboda furotin ɗin da ta tara a lokacin gargaɗin farko. Ke nan abin da ke tayar da martanin ba lambar da ma'auni ya nuna ba ce, tazarar da ke tsakanin zafin da aka saba da wanda ya zo ce.

Me ake nufi idan aka ce ƙwayar gado ta wanzu ba tare da sauyi mai yawa ba, kuma yaya ake auna hakan?

Ana jera amino asid na furotin ɗaya daga halittu biyu, layi bisa layi, a ƙirga wuraren da suka yi daidai. Halittun da suka rabu tun da daɗewa yawanci ba a samun kamanni sosai tsakanin furotin ɗinsu, domin sauye-sauye suna taruwa zuriya bayan zuriya. A 1984 James Bardwell da Elizabeth Craig suka kwatanta furotin DnaK na E. coli, wato Hsp70 na bakteriya, da Hsp70 na ƙudan 'ya'yan itace, suka tarar kashi 48 cikin 100 na amino asid ɗinsu ɗaya ne. Haka nan GroEL, wato Hsp60 na bakteriya, da Hsp60 na mutum sun yi daidai a kusan rabin wurarensu. Ga halittun da suka rabu fiye da shekara biliyan biyu da suka wuce, wannan kamanni abin mamaki ne, kuma shi ya sa ake lissafa waɗannan furotin cikin mafiya daɗewa a siffa guda.

Akwai wata hanyar awo da ta fi wannan zurfi. Wasu sauye-sauye a DNA ba sa canza amino asid ɗin da za a ƙera, wasu kuwa suna canzawa. Idan aka ga nau'in farko ya yi yawa a wata ƙwayar gado alhali na biyu ya yi ƙaranci ƙwarai, to alama ce cewa sauyin yana faruwa kamar yadda yake faruwa ko'ina, sai dai halittun da sauyin ya taɓa furotin ɗinsu ba su bar zuriya ba.

Me ya hana waɗannan ƙwayoyin gado sauyawa kamar sauran?

Dalili mafi ƙarfi shi ne yawan waɗanda suka dogara da su. Sinadarin da ke sarrafa abinci guda ɗaya yana iya sauyawa tare da abincin, amma mai rakiya yana hulɗa da ɗaruruwan furotin daban-daban, don haka sauyin da ya amfani ɗaya yana iya cutar da hamsin. A jikin E. coli an gano kimanin furotin 250 da suke hulɗa da GroEL, kuma wajen 85 daga cikinsu ba sa naɗewa daidai sai da shi. Shi ya sa idan aka cire ƙwayar gadon GroEL bakteriyar take mutuwa a kowane yanayi, ko da zafi ko babu. Ban da haka, waɗannan furotin injuna ne masu sassa da yawa waɗanda dole su dace da juna, kuma suna ƙona sinadarin ATP, wato makamashin ƙwayar halitta, a wani gurbi da siffarsa ba ta karɓar gyara sosai.

A nan ya kamata a gyara wata fahimta da sunan yake jawowa. Zafi ne ya sa aka gano su, amma aikinsu na kullum ne, domin sabon furotin da ke fitowa daga masana'antarsa yana cikin haɗarin mannewa ko da yanayi lafiya lau yake. Duk da haka dokar ba ta rasa togaciya ba: wasu ƙananan bakteriya na dangin Mycoplasma da Ureaplasma, waɗanda suke rayuwa a jikin wasu halittu, sun rasa GroEL gaba ɗaya kuma suna rayuwa.

To ashe masu son matsanancin zafi su ne suka fi kowa yawan waɗannan ƙwayoyin gado?

A'a, kuma wannan ita ce amsar da ta fi ba mutane mamaki. Lokacin da aka karanta dukkan DNA na Methanocaldococcus jannaschii a 1996, arkiya ta farko da aka yi wa haka, wadda take bunƙasa a wajen digiri 85, an nemi Hsp70 an rasa. Aka karanta na Archaeoglobus fulgidus da Pyrococcus da Sulfolobus, nan ma babu. Babu abokan aikinsa DnaJ da GrpE, babu Hsp90, babu ClpB mai warware curin furotin. Wato furotin ɗin da littattafai suka daɗe suna kira mafi wanzuwa a duniyar masu rai, ba ya nan a jikin halittun da kowa zai yi zaton sun fi buƙatarsa.

Wani zai ce watakila Hsp70 ne ba ya iya aiki a irin wannan zafi. Bakteriya sun rushe wannan zato. Thermotoga maritima, mai bunƙasa a digiri 80, tana da DnaK da GroEL. Aquifex aeolicus, wadda take kaiwa digiri 95, ita ma tana da su. Thermus thermophilus, wadda Tairo Oshima ya samo daga wani ruwan zafi a Japan, tana da cikakken tsarin DnaK da ClpB, har ma daga jikinta aka fitar da siffar ClpB a 2003. Saboda haka abin da ya raba masu Hsp70 da marasa shi a ruwan zafi, a mafi yawan lokuta, dangantaka ce ba digiri ba: bakteriya sun tafi ruwan zafi da kayan gidansu na bakteriya, arkiya kuma da nasu. Duk wanda ya ce ƙwayoyin gadon bugun zafi sun wanzu a dukkan masu rai, ya kamata a tambaye shi wanne daga ciki yake nufi.

Idan sun rasa Hsp70, me suka riƙe?

Abu na farko kuma mafi muhimmanci shi ne shaferonin, dangin Hsp60. Siffarsa kamar tukunya biyu ce da aka haɗa gindinsu: furotin da ya warware yana shiga ciki, a rufe murfi, ya naɗe shi kaɗai ba tare da ya taɓa maƙwabta ba, sannan a buɗe ya fita. A jikin bakteriya kowace tukunya tana da sassa bakwai na GroEL, murfin kuma furotin ne daban mai suna GroES. A jikin arkiya kowace tukunya tana da sassa takwas, a dangin Sulfolobus tara, kuma murfin yana haɗe da jikinta. Nau'in arkiya shi ake kira tamosom. An fara bayyana shi a 1991 daga Pyrodictium occultum, mai bunƙasa a digiri 105, inda aka ga cewa idan aka ɗaga zafi zuwa 108 shi ne yake mamaye mafi yawan furotin ɗin da ke cikin ƙwayar. A shekarar nan dai Trent da abokan aikinsa suka bayyana irinsa a Sulfolobus shibatae, suka kira shi TF55. An fitar da cikakkiyar siffarsa mai sassa 16 a 1998 daga Thermoplasma acidophilum.

Na biyu su ne ƙananan furotin ɗin bugun zafi. Ba sa amfani da ATP, kuma ba sa naɗe komai; riƙe furotin da ya fara warwarewa kawai suke yi har yanayi ya daidaita. Na M. jannaschii, wanda aka fitar da siffarsa a 1998, ƙwallo ne mai rami a tsakiya da aka gina da sassa 24. Na uku shi ne firifoldin, mai sassa shida, wanda yake kama sabon furotin ya kai shi bakin tamosom. Shi kam babu shi a yawancin bakteriya, kuma a Pyrococcus furiosus ba ya cikin waɗanda suke ƙaruwa idan zafi ya buga. Sai kuma wasu injuna na dangin AAA da kuma furotiyasom, masu warware furotin da ya lalace su sassara shi. Da waɗannan kaɗai halitta take rayuwa a digiri 100.

Amma an ce wasu arkiya suna da Hsp70. Daga ina suka samo shi?

Gaskiya ne. Alberto Macario da Everly Conway de Macario sun ware ƙwayar gadon dnaK daga Methanosarcina mazei a 1991, kuma ana samunta a arkiyar ruwan gishiri, da Thermoplasma acidophilum mai bunƙasa a wajen digiri 59, da Methanothermobacter mai digiri 65. An yi muhawara mai tsawo a kan haka. Radhey Gupta ya ɗauki kamannin DnaK na arkiya da na wani rukunin bakteriya a matsayin shaidar dangantakar asali tsakaninsu. Simonetta Gribaldo da abokan aikinta kuwa sun nuna a 1999 cewa rarrabuwar ƙwayar gadon a tsakanin arkiya tsalli-tsalli ce, kuma idan aka zana bishiyar dangantaka DnaK na arkiya yakan faɗa cikin rassan bakteriya a wurare daban-daban. Fassarar da yawancin masana suka karɓa a yau ita ce, aro aka yi: wasu arkiya da suka zauna tare da bakteriya a matsakaicin zafi sun karɓi ƙwayar gadon daga gare su.

Irin wannan musaya ba baƙon abu ba ne. Methanosarcina mazei tana da tamosom nata na arkiya, sannan tana da GroEL da GroES na bakteriya, duka suna aiki a ƙwaya ɗaya. Musayar kuma ta bi ɗaya hanyar: lokacin da aka karanta DNA na Thermotoga maritima a 1999, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwayoyin gadonta sun fi kama da na arkiya. Darasin da mai bincike zai ɗauka shi ne, samun ƙwayar gado iri ɗaya a halittu biyu ba ya tabbatar da cewa daga kaka ɗaya suka gaje ta.

Shin hanyar kunna waɗannan ƙwayoyin gado ita ma ɗaya ce a ko'ina?

Ko kusa. A nan ne bambancin ya fi fitowa. E. coli tana amfani da wani furotin mai suna sigma 32 wanda yake kai injin karanta DNA zuwa ga ƙwayoyin gadon bugun zafi. Bacillus subtilis da Thermotoga maritima suna amfani da akasin wannan dabara, wato mai toshewa da ake kira HrcA, wanda yake zaune a kan DNA yana hana karatu har sai zafi ya sa ya saki. Mutum da sauran halittu masu cibiyar ƙwaya suna da HSF1. Pyrococcus furiosus tana da nata mai toshewar, Phr, wanda aka bayyana a 2003, Archaeoglobus fulgidus kuma tana da HSR1. Waɗannan furotin ba dukkansu ne zuriya ɗaya ba.

Sai dai akwai wata dabara da take maimaituwa. A E. coli, DnaK ne yake riƙe sigma 32 idan lafiya ake. Da zarar furotin da suka warware sun yi yawa, sai DnaK ya shagala da su, sigma 32 ya kuɓuta. A Bacillus, HrcA yana buƙatar GroEL kafin ya iya toshewa, don haka idan GroEL ya shagala toshewar takan sassauta. Wato ƙwayar ba zafin take aunawa kai tsaye ba a irin waɗannan tsare-tsare, ɓarnar da zafin ya yi take aunawa, kuma rassan halittu daban-daban sun kai ga wannan dabara kowanne ta hanyarsa.

Idan masu rakiya ba su ne sirrin jure zafi ba, mene ne?

Masu rakiya suna ceto ne a gefen iyaka, digiri kaɗan sama da abin da aka saba. Zaman yau da kullum a digiri 100 yana buƙatar kowane sashe na ƙwayar ya zama mai ƙwari da kansa. Furotin ɗin waɗannan halittu sun fi yawan amino asid masu caji irin su gulutamet da laisin da ajinin, waɗanda suke ƙulla igiyoyi tsakanin sassan furotin, kuma sun rage asfarajin da gulutamin masu saurin lalacewa a zafi. Fatar ƙwayar arkiya da yawa an gina ta da kitse mai wani haɗin sinadari mai ƙwari da ake kira ether, a wasu kuma shimfiɗa ɗaya ce da ta ratsa daga gefe zuwa gefe maimakon biyu. Suna kuma tara wasu ƙananan sinadarai, kamar dayi-mayo-inositol fosfet, waɗanda suke ƙaruwa idan zafi ya hau.

Akwai kuma ribas jaires, sinadarin da yake ƙara murɗa zaren DNA, wanda Akihiko Kikuchi da Keiko Asai suka gano a Sulfolobus a 1984. Patrick Forterre ya nuna a 2002 cewa, a cikin halittun da aka karanta DNA ɗinsu a lokacin, shi kaɗai ne furotin da ake samu a duk masu son matsanancin zafi, bakteriya da arkiya, kuma ba a samunsa a masu matsakaicin zafi. Da aka cire shi daga Thermococcus kodakarensis a 2004, halittar ta rayu amma girmanta ya ragu, kuma ta kasa hayayyafa a digiri 93. Abin lura shi ne, furotin da ya fi zama tambarin masu son zafi ba ya cikin jerin furotin ɗin bugun zafi da aka sani tun zamanin ƙudan Ritossa.

Shin wanzuwar waɗannan ƙwayoyin gado tana tabbatar da cewa rayuwa a ruwan zafi ta fara?

Ba ta tabbatarwa, ko da yake ana yawan kawo ta a matsayin hujja. Tunda aikin masu rakiya na kullum ne, halittar da ke zaune a sanyi ma tana buƙatarsu, don haka daɗewarsu ba ta faɗin zafin gidan farko. Hujjar da ta fi ƙarfi ga masu ra'ayin farawa a zafi ita ce, a bishiyoyin dangantaka na farko da aka zana, masu son matsanancin zafi sun zauna kusa da saiwa a ɓangaren bakteriya da na arkiya. A 2016 ƙungiyar William Martin a Jamus ta ware dangogin furotin 355 da ta ce sun fito daga kakan bai-ɗaya, wato halittar da dukkan masu rai na yau suka samo asali daga gare ta, ta kuma siffanta shi a matsayin mai son zafi. A ɗaya ɓangaren, Nicolas Galtier a 1999, da Bastien Boussau a 2008, sun yi lissafi daga sinadaran RNA da furotin suka ce kakan bai-ɗaya matsakaicin zafi ya zauna, son zafi daga baya ya zo a rassan biyu. Forterre ma yana ganin ribas jaires daga baya ya bayyana sannan ya yaɗu ta hanyar aro. Muhawarar tana nan, kuma ko da an warware ta, kakan bai-ɗaya ba shi ne farkon rayuwa ba.

Wace alaƙa ce tsakanin wannan da jikin mutum?

Ƙwayar jikin mutum tana ɗauke da gadon ɓangarorin biyu. A cikin maitokondiriya, sashen da ke samar da kuzari, akwai Hsp60 da Hsp10 waɗanda 'yan uwan GroEL da GroES ne, domin wannan sashe daga wata bakteriya ya samo asali. Ulrich Hartl da Arthur Horwich ne suka nuna aikinsa a 1989. A ruwan ƙwayar kuwa akwai CCT, mai sassa takwas mabambanta a kowace tukunya, wanda yake naɗe aktin da tubulin, furotin ɗin da ke riƙe siffar ƙwaya, kuma ɗan uwan tamosom ne; TF55 na Sulfolobus ya yi daidai da ɗaya daga sassansa a fiye da kashi ɗaya cikin uku na amino asid. Wannan yana cikin shaidun farko da suka nuna kusancin arkiya da halittu masu cibiyar ƙwaya, kafin a gano arkiyar Asgard, waɗanda suka fi kusanci da halittu masu cibiyar ƙwaya, a 2015.

Furotin alfa-kiristalin da ke ƙwayar idon mutum ɗan dangin ƙananan furotin ɗin bugun zafi ne, kuma raunin aikinsa yana da hannu a yanar ido. Ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro, Plasmodium falciparum, ita ma ta dogara da Hsp70 da Hsp90 nata domin ta jure zazzaɓin da take haddasawa, shi ya sa masu neman sabbin magunguna suke nazarin su. Wahalar ita ce kamanninsu da namu: maganin da zai toshe nata dole ya bar na majinyacin.

Za a iya ɗaukar irin wannan ƙwayar gado a saka wa wata halitta ta zama mai jure zafi?

Ana samun ɗan ƙari, amma ba a sauya halitta da ƙwayar gado ɗaya. Ƙungiyar Frank Robb a Amurka ta saka ƙaramin furotin ɗin bugun zafi na Pyrococcus furiosus cikin E. coli a 2001, sai bakteriyar ta daɗe da rai a digiri 50 fiye da wadda ba a saka wa ba, amma ba ta koma mai hayayyafa a ruwan zafi ba, domin sauran dubban furotin ɗinta na digiri 37 ne. Gwajin da ya fi ban sha'awa ta fuskar sanyi aka yi shi: a 2003 Manuel Ferrer da abokan aikinsa suka saka shaferonin na Oleispira antarctica, bakteriyar tekun Antatika, cikin E. coli, sai ta riƙa girma a sanyin da a da da ƙyar take motsi.

Amfanin da ya fi shiga rayuwar mutane daga waɗannan halittu shi ne sinadarin Taq na Thermus aquaticus, wanda tun 1988 ake amfani da shi a gwajin PCR na gano cututtuka, sai dai shi ba furotin ɗin bugun zafi ba ne, mai kwafar DNA ne da ke da ƙwari da kansa. Ƙwayar gadon shaferonin kuwa ana amfani da wani yanki nata mai tsawon harufa kusan 550 wajen tantance nau'in bakteriya, saboda gefunanta ba sa sauyawa sosai alhali tsakiyarta tana bambanta nau'i da nau'i.

Sai an je Yellowstone ko ƙarƙashin teku kafin a ga masu son zafi?

Masu son matsanancin zafi kam sai a wuraren aman wuta, da maɓuɓɓugan ƙarƙashin teku, da rijiyoyin mai masu zurfi. Masu son matsakaicin zafi kuwa suna kusa da kowa: tulin takin gargajiya da ya ruɓe da kyau yakan kai digiri 60 zuwa 70 a cikinsa, kuma bakteriya irin su Geobacillus da Thermus suna aiki a wurin.

Akwai iyakar da babu mai rakiyar da zai iya tsallake ta?

Akwai. Digiri 122 da aka samu daga Methanopyrus kandleri ya ɗan haura digiri 121 da asibitoci suke amfani da shi wajen kashe ƙwayoyin cuta a kayan tiyata, kuma ruwa ba ya tafasa a can ne saboda matsin teku. Masu rakiya suna iya sake naɗe sarƙar da ta warware, amma ba sa ɗinke sarƙar da ta tsinke, kuma idan zafi ya ci gaba da hawa, haɗin da ke tsakanin amino asid da kansa yakan fara karyewa, RNA ya narke, ATP ɗin da tamosom yake buƙata ya lalace kafin a yi amfani da shi. Saboda haka masana da dama suna hasashen cewa iyakar ba za ta wuce wajen digiri 150 ba, kuma tun 2008 ba a tabbatar da wata halitta da ta hayayyafa a sama da 122 ba.